Ɓarawon Wuta a Motar Halvard

Famfon ruwa ne ya fara tona asiri. Halvard ya murɗa shi don ya cika butar kofi, sai ya yi wani gurnani kamar tsohon karen da aka tasa daga barci, ya tofo ruwan da bai fi cikin cokali ba, ya yi tsit. Ya ɗaga kai ya dubi fitilar da ke saman tebur. Ita ma ta yi ja, tana lumshe ido.

"Ya kuma," in ji shi.

Matarsa Torunn tana zaune a bakin ƙofar motar tana cusa ƙafa cikin takalman roba. Ba ta waiwayo ba.

"To, ga ruwa nan a jarka. Kofi dai ba da batir ake dafa shi ba."

Motar tasu irin wadda ake kwana a ciki ce, da gado da murhu da ɗan firij mai aiki da gas, kuma batir biyu gare ta. Ɗaya na inji, ba ruwansa da kowa sai tayar da mota. Ɗayan na ɗaki, yana ƙarƙashin kujerar zama, shi ke ciyar da fitilu da famfo da abin ɗumama ɗaki. Wannan na biyun ne kwanan nan kullum yake wayar gari a galabaice, alhali ga sola a kan rufi, ga rana ta farkon Agusta da ba ta cika son faɗuwa ba a wannan gaɓar teku ta arewa da birnin Tromsø, can ƙuryar arewacin duniya.

Da wani ne, sai ya sayi sabon batir ya huta. Amma Halvard ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran wutar jiragen kamun kifi, kuma irinsu ba su yarda abu ya mutu haka kawai ba tare da an san abin da ya kashe shi ba. Ban da haka, akwai maganar Sindre.

Sindre ɗansu ne. A hunturun da ya wuce Halvard ya ɗora tukunya a gida ya tafi kanti, ya dawo ya tarar da maƙwabta sun cika masa ƙofa, hayaƙi na fita ta taga. Tun daga nan yaron ya sa masa ido. Da ƙyar ya yarda da tafiyar bana, da sharaɗin in mantuwa ta sake faruwa, makullin mota ya bar hannun uban ke nan. Kuma da yake bakin Halvard bai taɓa iya riƙe magana ba, shi da kansa ya ba shi labarin batirin jiya a waya.

"Baba, ka tabbata ba wani abu kake bari a kunne ba?" Haka Sindre ya tambaya, da irin muryar nan mai laushi da Halvard ya tsana. "Zan sake kira gobe in na tashi daga aiki."

Saboda haka yau ba kofi ne a gabansa ba. So yake ya san ko batirin ne ya tsufa, ko kuwa kan mai batirin.

Torunn ta rataya bokitinta, ta shafa maganin sauro a wuya.

"Ina zuwa?" in ji shi.

"Miƙe ƙafa."

"Da bokiti?"

"Shi ma yana son miƙe ƙafa."

Oddvar, mai motar da ke kusa da tasu, tsohon direban bas ne mai tumbi da yawan tambaya. Ya leƙo ta tagarsa da burodi a hannu.

"Torunn, ta ina multe ta nuna bana? Na ga yatsunki sun yi rawaya."

"Can," in ji ta, ta nuna gabas da hannun dama, yamma da na hagu, ta wuce abinta.

Oddvar ya yi dariya har da tari, don ya san amsar tun kafin ya tambaya. Mutum zai ba ka aron jirgin ruwansa, ya bar maka makullin gidansa, amma fadamar da yake tsinkar multe, 'ya'yan dajin nan masu daraja, sai dai ka ji a bakin wani. Ta Torunn gado ce daga uwarta. Fiye da shekara arba'in da aurensu, Halvard yana shan 'ya'yan nan masu ruwan zuma da kirim ranar Kirsimeti, a iya saninsa bai taɓa ganin inda suke fitowa ba. Ta ce masa tun suna amarci, wanda zai ba baƙo labarin ciwon cikinsa a layin jiran jirgin fito, ba a nuna masa fadama.

Halvard ya ɗage kujerar, ya fito da tsohuwar mitarsa ta awon wuta mai allura. Kafin ya gama warware wayoyinta Oddvar ya iso, ya tsaya a kansa yana tauna.

"Wannan ai ya mutu, sai jana'iza. Nawa ma haka ya yi bara."

"Naka kai ka kashe shi. Ka bar shi duk hunturu ba caji."

"Ji tsohon banza! To naka wa ya kashe?"

"Shi nake nema."

Ya ja waya daga janaretan Oddvar ya ba batirin caji, suka zauna a rana suna shan kofi da cuku mai ruwan ƙasa, suna zagin farashin man dizal. Da ya cika, Halvard ya cire masa kai ya bar shi ya huce, don batir da ya fito daga caji maƙaryaci ne, yakan nuna ƙarfin da ba nasa ba. Sannan ya ɗora mita. Allura ta haura sha biyu da rabi ta tsaya cak. Ya haɗa masa tsohon ƙwan fitilar mota, ya zuba wa allurar ido. Batirin da cikinsa ya lalace, da ya ji nauyi sai ya durƙusa. Wannan ko gezau.

"Gawarka tana numfashi," ya ce wa Oddvar.

Abin ya ba shi daɗi, ya kuma ba shi tsoro. In batir lafiyarsa lau, to wani abu ke shanye shi.

Ya hau tsani ya duba sola. Tsuntsayen teku sun mai da ita masai. Ya wanke ta, ya auna, ya ga tana kawo wuta daidai gwargwadon hadarin da ke sama. Ya sauko ya bi motar lungu-lungu yana kashe komai, yana faɗin sunan kowane da ƙarfi kamar mai kiran yara su shigo gida. Fitilar banɗaki. Rediyo. Cajar waya. Ya mayar da batirin, ya sa mitar a tsakani don ya ga ko akwai wutar da ke fita.

Akwai. Allura ta ɗaga, ta tsaya tana rawa.

"Af!" in ji Halvard, yana murza tafin hannu. "Muna da ɓarawo a gida."

Matar Oddvar ta ƙwala masa kira daga motarsu, ya tafi yana waiwaye. Halvard bai ma lura ba. Ya buɗe akwatin fis yana zare su ɗaya bayan ɗaya. In ka zare na layin da ɓarawo yake, allura za ta faɗi, haka abin yake tun da aka ƙirƙiro wuta. Ya zare na fitilu, ya zare na famfo, ya zare duka har akwatin ya zama kamar bakin tsohuwa. Allura tana nan inda take. Ya zauna a ƙasa yana kallon ta, sai kuma ta faɗi da kanta ba wanda ya taɓa ta. Ya ƙura mata ido. Can an jima ta sake tashi.

"Kai! Ɓarawon har hutawa yake yi?"

Rabon da ya ji irin wannan daɗin tun yana cikin jirgi. Ya kwanta ya manna kunne a daɓen motar, duk da gwiwoyinsa na ƙorafi. Da farko bugun zuciyarsa kawai yake ji. Sannan ya jiyo wani ɗan kuka siriri daga baya, wajen ma'ajiyar kaya. Ya zura hannu bayan batirin ya lalubo wata waya da ba ta bi ta akwatin fis ba, an haɗa ta kai tsaye da ɗan fis nata. Ya bi ta ƙarƙashin darduma, ta bayan gado, har ta ɓulla cikin ma'ajiyar. Ya zagaya ta waje, ya janye kujerun naɗewa da sandunan kamun kifi, ya yaye wani tsohon bargo.

Ƙaramin akwatin ƙanƙara ne mai aiki da wuta, yana ta aikinsa hankali kwance. Ya buɗe. Robobi ne jere, cike da multe har baki.

Halvard ya yi dariya shi kaɗai har da hawaye. Ba kansa ba ne! Tsohuwar nan ce ta ɓoye dukiyarta, ta sa wani yaron gareji ya ja mata waya ba da saninsa ba. Ya riga ya fara tsara yadda zai faɗa wa Sindre.

Yana nan tsugune ta dawo, bokiti rufe da ƙyalle.

"Na kama ɓarawo," in ji shi. "Kuma na san uwar ɗakinsa."

Ta dubi akwatin, ta dube shi. Ba ta yi dariya ba.

"Wane gwani ne ya ja miki wayar? Ya iya aiki, ba laifi, amma bai yi lissafin hadari ba. Sola ba za ta riƙe wannan ba in rana ba ta fito sosai ba."

Ta ajiye bokitin a hankali. "Halvard, dubi wayar da kyau."

Ya duba. Inda aka haɗa wayoyin an naɗe da shuɗin salatif, naɗi mai tsabta, kuma an lanƙwasa ƙarshensa an bar masa ɗan kunne. A jirgin kamun kifi ake koyon wannan, don mai safar hannu a cikin sanyi ya iya kamawa ya ɓare ba sai ya cire safa ba. Yaran gareji ba su san shi ba. Ya taɓa kunnen da babban yatsa. Ya yi daidai da yatsan, naɗin hannunsa ne.

"Yaushe?" in ji shi.

"Ranar da muka iso. Kai ka ce firij ya yi kaɗan, mu sayi akwatin nan a hanya. Kai ka ce a rufe da bargo kada Oddvar ya gani." Ta dubi bargon. "Tun safe nake ta fatan in dawo in tarar ka tuna."

Ya nemi ranar a cikin kansa. Ya tuna isowarsu, ya tuna ruwan sama a gilashi, ya tuna miyar kifi. Tsakanin ruwan da miyar babu komai, fili ne fetal. Tsoro ya kama shi, irin na gaske. Amma har a cikin tsoron yana mamakin abin: hannunsa bai manta da kunnen salatif ba, shi ne kawai ba a gaya wa ba.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Torunn ta miƙo hannu.

"Kawo, sai in ce masa laifin akwatina ne. Ai ba ƙarya na yi ba."

Ya girgiza kai, ya ɗauka.

"Baba, yaya batir?"

"Batir lafiyarsa lau, Sindre. Na auna shi ta ko'ina."

"To mene ne?"

"Layi ne aka ja, aka manta an ja." Ya dubi Torunn. "Mamanka ce za ta tuƙo mu gida."

Halvard ya kashe wayar kafin muryar nan mai laushi ta fito. Ya ciro makullin motar ya jefa cikin aljihun rigar ruwanta, ya koma ciki ya mayar da fis ɗin kowane a gurbinsa, don ba a barin aiki a buɗe.

Da ya fito ta juye bokitin a roba, ta miƙa masa takalmansa.

"Sa. Akwai sauran da ban tsinka ba."

"Ina?"

"Fadama."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Lallai matar nan! Shekara da shekaru kin hana ni, sai yanzu da kika san ko na gani ba zan iya kai wa Oddvar rahoto ba?"

Ta yi dariya, ta share ido da bayan hannu, ta ce ya rufa mata baki ya taho.

Suka bi ta bayan duwatsu, ta inda ba a hango su daga motoci. Hanyar ta ɓace a cikin gajerun bishiyoyi masu farin ɓawo, sauro ya yi musu maraba. Torunn na gaba, shi yana biye yana haki. Sun kai wani wuri da ƙasa ta fara nutsewa a ƙarƙashin ƙafa, sai wani abu shuɗi ya ɗauki idonsa a jikin reshe. Ya matsa kusa. Salatif ne, an naɗe shi da kyau, da ɗan kunnensa.

"Na taɓa zuwa," in ji shi.

"Ka zo."

"Kuma na yi wa fadamar uwarki alama. Kin gani?"

"Na gani."

"Ba ki cire ba."

"Ban cire ba."

Ya ɗaga ido. Can gaba, a wani reshen, ga wani shuɗin yana jira, bayansa kuma kamar akwai wani. Ya karɓi bokitin daga hannunta, ya ce ta matsa, ya shiga gaba.