Jar Tanka a Bakin Tafki

Dutsen farko gilashin ƙofar shagona ya samu, na biyu kuma goshina. Ina tsugune a bayan kanta ina goge kyamara na ji tas, na ɗago in ga wane marar kunya ne, kafin in buɗe baki jini ya rufe mini ido ɗaya. Mutum shida suka shigo, duk masunta, ƙarnin kifi ya riga su isowa. Ba su kalli komai ba, bango suka nufa kai tsaye, suka ciro hoton da ya fi kowanne girma a shagon.

Ni mai hoto ne, amma ba irin masu "ɗan murmusa, ɗago haɓa" ba. Shekara ashirin da bakwai ina ɗaukar duwatsu da ruwa da gonaki da sararin sama, ina kai wa masu buga kalanda da masu otal. Mutane ba sa tsayawa wuri ɗaya, ga ƙorafi kamar me: hancina ya fito da girma, ka baƙanta ni, ina ɗan kunnena. Dutse bai taɓa ce mini na baƙanta shi ba, shi ya sa muka daɗe tare.

Hoton da suka ciro na tafkin bayan gari ne. Wata biyu na yi ina hawa wani falalen dutse a gabashin tafkin kafin rana ta fito, don hasken da nake nema minti goma kawai yake yi. Rana tana bayana, tana ƙasa-ƙasa, ta shafa ja a kan tudun da ke can ƙetare, ruwa kuma bai fara motsi ba. Komai ya yi daidai, sai dai hoton ba shi da inda ido zai sauka, in ban da ɗan jan tudun, shuɗi ne da toka daga sama har ƙasa. Nan na tuna da motar ƙanena.

Auta, ƙanen nawa, tankar yashe masai yake tuƙawa, ja wur. A gidanmu ba a raga masa. In ya shigo sai Inna ta toshe hanci ta ce wa ya bar ƙofar banɗaki a buɗe, shi kuma ya ce, "Inna, in na yi yajin aiki kwana uku, duk manyan garin nan sai sun zo gaishe ki." Na ce ya tsaya mini da sassafe a kwanar titin da ke wucewa ta bayan tafkin, gindin turken lantarki.

"Yaya, motar kashi za ka ɗauka?" ya ce, yana dariya har da riƙe ciki.

Na ce masa sau ɗaya dai a rayuwarta a gan ta ba a ji warinta ba.

Titin nan yana da nisa da ruwa, tafiyar minti goma ce a ƙafa, da gonaki da kwari a tsakani. Daga kan dutsen, da ido, motar ba ta fi ƙwayar wake ba. Sai na ɗaura dogon gilashi. Abin da wanda ba ya sana'ar bai sani ba shi ne, dogon gilashi ba jawo nesa kusa kaɗai yake yi ba, tazara yake cinyewa. Abin da ke gaba da abin da ke can bayansa sai ya manna su kamar faranti a kan faranti. Gonakin suka ɓuya a bayan gaɓa, tankar ta zo ta zauna daram a bakin ruwa. Ga tururin safiya yana tasowa daga kwarin, rana ta rina shi rawaya, ya miƙe daga gindin motar har cikin tafki. Ranar bakina har kunne. Na wanke hoton babba, na sa a firam, na rataye inda duk mai wucewa zai gani, ina jiran yabo.

Sati uku bayan haka kifi ya fara tasowa ciki sama. Aka kwantar da yara biyu na unguwar masunta a asibiti, amai da gudawa. Har yau ban san abin da ya shiga ruwan ba. Amma wani ya wuce ta ƙofar shagona, ya ja ya tsaya, ya ga tankar masai a bakin tafki tana zubar da wani abu rawaya.

Wanda ya ciro hoton wani ƙato ne da ake kira Guduma, ɗaya daga yaran da ke asibiti 'yarsa ce. Ya kara mini firam ɗin a fuska.

"Motar wa ce wannan?"

"Ta ƙanena ce. Amma don Allah ku saurara, a kan titi take, gilashi ne ya..."

"A kan titi? Mu za ka mayar makafi? A ruwan nan aka haife mu, mun san inda titi yake. Ga mota, ga ruwa, ga abin da take zubarwa!"

Ya rotsa mini firam ɗin a kafaɗa. Na faɗi, na dafa ƙasa da hannun hagu, ya ɗora takalminsa a kai ya murza har na ji yatsu biyu sun yi ƙas. Sauran suka bi hotunan bango ɗaya bayan ɗaya da sanduna. Ina kwance cikin fasassun gilasai ina zaginsu, uwa da uba ban bar musu ba, don ni ma bakina ba shi da linzami.

"Ba kai muke nema ba, mai hoto," in ji Guduma daga bakin ƙofa. "Kai ai shaida ka ba mu. Shi kuwa ya riga ya shiga hannu."

Na rarrafa bayan kanta na jawo jakar kyamara da dogon gilashi da sanda mai ƙafa uku. Hular gilashin, baƙar robar nan da ke tare masa rana, na gan ta a ƙasa an take ta ta rabe biyu. Na tsallake ta na hau babur. La'asar ta riga ta yi sanyi.

Tun daga nesa na hango hayaƙi. A kwanar nan suka tare Auta, don dole kowace mota ta rage gudu a wurin, daidai gindin turken lantarkin. Tankar tana ci da wuta, tayoyi suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Na bi sawun jan mutum ta cikin gonaki. Na ga takalminsa ƙafa ɗaya, gaba kaɗan na ga hularsa, daga nan sai jini a kan ciyawa har bakin ruwa.

Sun kai mutum arba'in a wurin da suke ɗaure jirage. Sun ɗaure Auta a turke, ruwa ya kai masa ƙugu. Da ba don rigarsa ba da ban gane shi ba, fuskar ta kumbura, leɓe ya tsage, ido ɗaya ya rufe ruf. Wani yana tura masa ruɓaɓɓen kifi a baki yana cewa ya ci abin da ya dafa. Wani ya danna kansa cikin ruwa ya riƙe, ana ƙirgawa da ƙarfi, sai da aka kai ashirin ya sake shi. Ya ɗago yana tari, ya gan ni.

"Yaya," ya ce, "gaya musu."

Na kutsa, aka tare ni da gora a ƙirji, na zube a gaban wani tsoho da ke zaune a kan kifaffen jirgi. Baba Mai Koma ke nan, babban masuntan, mahaifin Guduma. Shi bai ɗaga hannu ya doki kowa ba, bai kuma hana kowa ba.

"Baba, ku da kanku kuka tare motar nan. A ina take yanzu?"

"A kan titi."

"To zo mu hau dutsen can na gabas. In ban nuna maka ita a bakin ruwa ba, alhali tana kan titi tana ci da wuta, ka ɗaure ni kusa da shi."

Ya daɗe yana kallona. Jikarsa ce a asibiti, idonsa ya yi ja, amma tsoho ne mai son ya gani da idonsa. Ya miƙe.

"Kada wanda ya sake taɓa shi," ya ce.

"Baba, yaudara ce!" in ji Guduma. "Janye ka zai yi ya kira 'yan sanda."

Tsohon ya juya ya dubi yamma, ya nuna tudu da haɓa. "In rana ta taɓa kan tudun can ban dawo ba, ban kuma kira ka ba, to ƙarya ya yi. Ku yi abin da kuka ga dama."

Na ce na yarda. Ni da na ci shekara ashirin da bakwai ina bin rana kamar bawanta, na san inda take kwana da inda take tashi kowane wata, na ce na yarda, ban ko tsaya na yi tunani ba. Wannan kalmar ita ce ba zan taɓa yafe wa kaina ba.

Muka zagaye tafkin a babur, tsohon ya riƙe ni gam ta baya. Muka hau dutsen, ni da sanda a kafaɗa, shi yana haki. Na kafa ƙafafun a ramukan da na saba, na ɗaura gilashin da hannu ɗaya da haƙori. Na saita kwanar titin, na sa ido. Fari fat. Babu mota, babu ruwa, babu tudu.

Da safe rana tana bayana. Yanzu tana gabana, daidai saman kwanar, tana zubowa kai tsaye cikin gilashin, ruwan tafkin kuma yana dawo da ita kamar madubi. Ko ɗan koyo na wata ɗaya ya san haka.

"Ina motar?" in ji tsohon, bayan ya leƙa ya janye yana murza ido.

Na tare da tafin hannu, na cire riga na yi rumfa da ita, na rage ƙofar haske har ƙarshe. Tsohon ma ya ba ni hularsa. Duk a banza, ranar ta yi ƙasa da yawa, ko hular gilashin da aka taka ba za ta iya da ita ba. Abu ɗaya ne zai kashe hasken nan, kuma na san shi: sai tudu ya tare rana.

"Baba, kira ɗanka ka ce su ƙara mana minti biyar."

"Ban ga komai ba tukuna. Me zan ce masa?"

Na durƙusa na kama ƙafarsa, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai Inna. Ya ce in nuna masa, sannan ya kira. Muka tsaya muna kallon rana tana sauka. Ban taɓa tsanar wani abu ba kamar yadda na tsane ta a lokacin.

Gefenta ya taɓa tudu, ya nutse kaɗan, farin ya janye daga gilashin kamar an ɗage labule. Na fizgo tsohon. Ya sa ido. Ya ɗago ya kalli ƙetare da idonsa, ga ɗan hayaƙi can nesa bayan gonaki. Ya sake sa ido, ga tanka a bakin ruwa, harshen wutarta kamar zai lashi tafkin. Sau uku yana yin haka.

"Inna lillahi," ya ce. Ya laluba waya ya kira ɗansa.

Na juya gilashin zuwa wurin jirage. Na ga rigar Guduma rataye a kan gora, wayar tana haske a aljihunta, babu wanda ya waiga. Tsohon ya jefar da tasa wayar ya hau ihu, "Ku bari! Ku bar shi!" Ya gangara dutsen da gudu yana faɗuwa yana tashi. Muryarsa ko tsakiyar ruwa ba ta kai ba.

Ni kuwa na kasa cire ido. Fuskar Auta ta cika gilashin, har ina ganin ɗigon ruwa a gemunsa, kamar in miƙa hannu in share masa. Ya juyo yana kallon dutsen, don ya san inda nake tsayawa. Leɓensa yana motsi. Guduma ya shigo ta gefe, tsirara daga ƙugu zuwa sama, ya ɗaga filafilin jirgi da hannu biyu. Ya sauke sau ɗaya, kan Auta ya langaɓe. Ya sauke na biyu, sauran suka rufe shi da gorori, ruwan da ke kewaye da turken ya canza launi. Ban ji ƙarar komai ba, sai kukan tsuntsaye masu komawa gida.

Minti goma sha huɗu muka yi kafin mu isa, na tsinci tsohon a hanya gwiwarsa tana jini. Mun tarar sun watse, saura mutum uku suna tsaye nesa-nesa. Baba Mai Koma ya shiga ruwa da kansa ya kwance igiyar, muka ɗauko Auta tare. Tsohon ya yi ta faɗa wa mutum ukun nan, "A kan titi take, a kan titi take," su kuwa suna kallonsa ba su gane me yake nufi ba.

Bayan kwana tara Inna ta kira ni ɗakinta. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce matar Auta tana son hotonsa ta ajiye wa yara, don ƙaramar ba za ta tuna fuskarsa ba.

"Kai ne mai hoto a gidan nan," ta ce. "Kawo mata mai kyau, wanda yake dariya."

Na je shago na zazzage duk abin da na ɗauka tun farkon sana'ata. Duwatsu, gajimare, gonaki, ruwa. Shekara ashirin da bakwai, ban taɓa juya kyamara na ɗauki fuskar ƙanena ba. Hoto guda ɗaya kawai yake ciki. Na buɗe hoton tafkin a kwamfuta, na yi ta ƙara girman tagar direba har komai ya dagule. Babu fuska, sai hannu ɗaya da ya fito ta taga, yana ɗaga mini daga nesa.

Shi na wanke na kai wa Inna. Ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta juya shi wajen hasken taga.

"Ina yake a ciki?" ta ce.