Ɗacin Maganin Idon Iya

Kwana uku bayan ƙaramar Sallah Ramlatu ta taso daga Rano ta zo Saji gaida mahaifiyarta, sai ta tarar da kwalbar maganin idon Iya a kan taga, cike fal kamar ranar da aka sayo ta. Nan take ranta ya ɓaci. Likita ya ja musu kunne cewa ido ɗayan da ya rage wa tsohuwar, maganin nan ne ke riƙe da shi.

"Iya, me ya hana ki ɗigawa?"

"Yayanki ne ya ce in dakata. Da na ɗiga sai in ji ɗaci a maƙogwaro, ya ce azumina karyewa yake."

Badamasi ke nan! Ko sunan ciwon bai riƙe ba, amma ya iya yanke hukunci a kan idon uwarsa. Bai tambayi limamin unguwa ba, bai kira likita ba, wata guda cur. Ramlatu ba ta ko neme shi ba, ta tare mai babur ta ɗauki Iya sai asibiti.

Ma'aikaciyar ɗakin ido, wata mai suna Hidaya, ta daɗe tana haska idon, ta ce ganin ya ragu ƙwarai, sannan ta taɓa kusurwarsa ta wajen hanci.

"Nan akwai 'yar kafa da hawaye ke bi su gangara hanci. Abin da ido bai tsotse ba, ta nan yake zurarewa maƙogwaro. Da Iya ta rufe ido ta danne nan da yatsa minti biyu, da maganin ya zauna ya shiga idon. Kuma sau biyu ne a rana, ai sahur da bayan shan ruwa sun isa."

Yatsa ɗaya, minti biyu! Ramlatu ji ta yi kamar ta kurma ihu don takaici.

"To, ganin zai dawo?"

"Ɗan abin da ya rage za mu tsare. Wanda ya tafi ba ya dawowa."

Da la'asar Badamasi, da ya ji labarin zuwa asibitin, ya shigo gida da shirin kare kansa, ya tsaya a ƙofar ɗaki. Ramlatu ta buɗe baki za ta zazzage masa, Iya ta riga ta. Ta ƙura masa ido, ta gyara lulluɓi.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Wa kake nema?"