Itacen Wankan Wasila

Tun cikin Wasila bai fito fili ba Inna Kande ta fara tara itace a bayan ɗakinta, can Ƙofar Kware. Yau guntun ƙirya, gobe reshen marke, tana jerawa tana rufewa da tsohon kwanon rufi saboda ruwan sama. Ba ta ce wa kowa ga dalili ba, ba kuma wanda ya tambaya. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Wasila ce 'yar farin Kande, su kuwa mutanen da, in sun riƙe kunyar ɗan fari, ba da wasa suke riƙe ta ba. Kande ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta, ita ta yi mata kitso, ita ta yi jinyarta lokacin ƙyanda. Ranar da za a kai ta ɗakin miji ma, Kande maɗafa ta shige ta ce hayaƙi ne ya shigar mata ido. Yanzu kaka ta riga mu gidan gaskiya, babu gwaggo, babu 'yar'uwar uwa ta kusa. Wankan jego ya faɗo kan Kande, ba mai ce mata ta yi rashin kunya. Wasila ta san haka sarai. Kwana arba'in, safe da yamma, hannun uwarta zai sauka a jikinta. Abin da ta rasa tun tana goye ke nan.

To, amma gida da maigida. Sirajo, mijinta, direban tipa ne mai ɗaukar dutse a Kalambaina, a Mabera suke haya. Wata la'asar ya dawo, farar ƙura har a girarsa, ta ajiye masa ruwa, ta bari sai da ya ci tuwo, sannan ta durƙusa.

"Malam, wata ya kama. Ina son ka bar ni in tahi gida goyon ciki."

"Wanka dai? In kin haihu asibiti, ni da kaina zan kai ki."

"Can nike son in haihu. Ɗakin Inna."

Ya ture kwanon. "Wasila, kin san abin da ɗaki ya yi muna."

Ta sani. Ƙanwarsa Shamsiyya a ɗaki ta yi naƙuda, aka yi ta ba ta rubutu da jiƙe-jiƙe, ba a nemi mota ba sai da jini ya ƙare. A hanya ta cika, ita da abin da ke cikinta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

"Allah ya ji ƙan Shamsiyya," in ji Wasila. "Amma ita ba ta taɓa zuwa awo ba, ni ko ban taɓa fashi ba. Sun ce jinina bai hau ba, ɗan kuma kwance yake daidai. Malama Sadiyatu, ungozomar da ke duba mu wurin awo, bayan gidanmu take. Na tambaye ta, ta ce tana zuwa da kayan aikinta, in ta ga abin da bai yi mata ba, ko gardama ban yi, a sa ni mota."

"To mi ag ga ɗakin nan wanda babu ga asibiti?"

Ta murza bakin zanenta. "Inna," ta ce. "Malam, kai ka san hannun Hajiya. In ka yi zazzaɓi har yau tana taɓa maka goshi. Ni ban san ko hannun uwata taushi garai ko kaushi ba."

Sirajo ya tashi ya wanke hannu. Washegari ya kai maganar gaban mahaifiyarsa, Hajiya Atika, ita kuwa ta aiko a kira mata Wasila.

"Ke ɗiyar nan, kunnenki na ƙashi ne?" in ji Hajiya. "Na rufe guda, so kike in rufe ta biyu? Ku yaran zamani, an kawo muku sauƙi kuna neman wuya."

Wasila ba ta ɗaga kai ba, ba ta kuma janye ba. Ta sake jera abin da ta gaya wa Sirajo, ta ƙara da cewa a wurin awo an hana ta kanwa mai yawa a kunu da ruwan da ke sale fata, kuma ta yarda. "Hajiya, ba asibiti niƙ ƙi ba. Uwata nike so."

Hajiya ta kawar da fuska. "Ku tai ku yi abin da kunka ga dama. Amma ƙafata ba ta taka gidan nan."

A haka Sirajo ya kai ta, bisa sharaɗin ɗan'uwansa mai keke-napep zai riƙa kwana a ƙofar gida da zarar naƙuda ta taso.

Kande ta tarbe su daga nesa. "Kun iso? A sa kayan yarinyar nan ciki." Shi ke nan. Amma ɗakin an shafe shi, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga babbar tukunyar wanka an kife a gindin darbejiya. Wasila ta lura uwarta ta rame, tana tafiya tana dafa bango. Ta tambaya, Kande ta ce, "Tsufa ne. Ke dai ci abinci."

Kwanakin nan Wasila ta riƙa satar kallon hannuwan. Siraran yatsu, tabon ƙuna a bayan na dama. Wata rana tana kwance da rana ido rufe, ta ji an tsaya a kanta, an ja mayafi an rufe mata ƙafa, a hankali, yadda ko yatsa bai taɓa fata ba. Ta yi kamar tana barci. Ta ce a ranta, saura kaɗan.

Kana taka, Allah na tasa. Wata safiyar Laraba Kande ta sunkuya za ta gyara itacen nan, ta faɗi. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Da matan unguwa suka zo yi wa gawar wanka, aka nemi abin ɗumama ruwa. Wata ta yaye kwanon nan na bayan ɗaki ta ɗebo ƙirya. Wasila na zaune tana kallo aka ɗora tukunyar da aka kife dominta, aka zuba ganyen magarya. Ba ta yi kururuwa ba. Da aka gama, ta roƙa a bar ta ta shiga. Ta kama hannun dama mai tabon ƙuna ta riƙe. Kaushi gare shi, ya kuma yi sanyi.

Bayan sadakar uku Sirajo ya ce ta haɗa kayanta. "Wadda kika zo dominta ta tahi. Wa zai yi miki wankan? Mu koma Mabera."

"Ba ni komawa, Malam. Ta share ɗaki, ta tara itace. In na tahi, wahalar banza ta yi ke nan. Nan aka binne cibiyata, nan za a binne ta ɗana. Wanka ko, in ban samu mai yi ba, ni yi da hannuna."

Ya dube ta, ya ga babu wurin lanƙwasawa. Ya fita yana share ido da hular kansa.

Naƙuda ta zo da hantsi. Malama Sadiyatu ta iso da jakarta, mai keke ya tsaya a ƙofa, Sirajo na zaure ya kasa zama. Wasila ta durƙusa a kan sabuwar tabarmar nan, ta ciji zane, ba a ji bakinta ba sai sau ɗaya, da ta ce, "Inna!" Kafin azahar ta sauka lafiya, 'ya mace. Aka binne mabiya a bayan ɗaki, kusa da sauran itacen.

Da la'asar gida ya yi tsit. Masu barka sun watse, kowa na tsammanin wata ce za ta tsaya. Wasila ta lallaɓa ta fito tana dafa bango, za ta ɗora tukunya. Sai ta tarar wuta na ci, ruwa na tururi, wata tsohuwa ta ɗaure zane a ƙirji tana ɗaure ganyen darbejiya. Hajiya Atika ce.

"Koma ki zauna, marar jin magana," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba. "Wa ya gaya miki maijego na ɗaukar tukunya?"

"Hajiya, kin ce ƙafarki..."

"Na ce. Bakina ne, ba naki ba." Ta tsoma gwiwar hannu a ruwan, ta ƙara na sanyi. "Ni ma na tara wa Shamsiyya itace. Da shi anka dafa abincin makokinta."

A makewayi ta zaunar da Wasila a kan turmi. Ta tsoma ganye ta fyaɗa mata a baya, ta sake, sannan ta ajiye ganyen ta sa tafin hannu tana danna mata kafaɗu da ƙugu. Nan kukan da Wasila ta riƙe tun ranar Laraba ya ƙwace mata.

"Yi abinki," in ji Hajiya. "Ruwa ne ko'ina, ba mai ganewa."

Can ta leƙa bayan ɗaki ta dubi abin da ya rage. "Wanga itace ba ya kai mu arba'in. Gobe Sirajo ya ƙaro. Amma na Kande za mu fara ƙonewa."