Kuyyar Dabo Ta Wuce Duwatsun Nasara

Galmar Dabo ta kusa kaiwa ga tulin duwatsun sa'ad da wani soja ya daka masa tsawa.

"Kai manomi! Tsaya nan!"

Bai ɗago ba. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma mu da muka ga zuwan Nasara da idonmu, muka sha wuyarsa kuma ga mu da ranmu, mun san dalili. Ranar gayya, in makaɗi ya buga taken mutum, ba ya miƙe bayansa sai ya fitar da kuyyarsa bakin gona. Wanda ya miƙe a tsakiya, 'yan mata ma sai sun sa shi a waƙa.

Gonar ta gado ce, arewa da Illela. Da rani Turawa suka zo da awonsu, na Ingilishi da na Faransi, suka sa aka tara duwatsu a tsakiyarta. Aka ce daga nan ƙasar Faransi ce, kada a ƙara sa mata galma. Can ɗin kuwa shi ne kwari, shi ke ba da geron da gidan Dabo ke ci har wata kaka. Tudun da aka bar masa ko akuya ba zai ƙosar ba.

Mai kiɗan gayyar ran nan Halliru Mai Ganga ne. Tun Dabo bai iya ɗaure wando ba yake bin sa gona-gona, yana sauraron yadda yake zuga maza. Gangar nan ce ta raine shi. Ko shinge, ko rijiya, ko faɗa, in ya fara sai ya ga ƙarshensa. Ga shi yau takensa ake yi: "Dabo na Tasalla, ƙasa ta san ka, in ka duƙa sai bakin gona!"

"Kurma ne kai?" in ji sojan. Baraka sunansa, Bahaushe ne ɗan'uwanmu, sai dai an sa masa jar hular sojan Faransi.

Idi Sarkin Noma ya taho da gudu. "Dabo, don Allah miƙe! Bindiga ta a hannunai!"

"Sai na hita, Sarkin Noma."

Baraka ya ɗana bindiga. Ƙarar ƙarfen nan kowa ya ji ta. Sai ganga ta yi shiru. Halliru ya tsaya da makaɗin gangarsa a sama, sannan ya ja da baya ya shige cikin mutane.

Dabo ya saurara yana duƙe. Babu kiɗa. Sai ya buɗe baki da muryarsa mai kama da ta jaki, ya kama taken da kansa, ya kafta galma gefen duwatsun ya wuce.

Baraka bai harba ba. Ya rataye bindiga ya zaro bulalar dorina, ya bi shi yana zuba masa. Duk sara ɗaya, bulala ɗaya. Jini ya gauraya da gumi yana ɗiga cikin kuyya, Dabo na waƙa, har galma ta taɓa kalgon da ke bakin gonar ubansa. Nan ya miƙe, ya juyo.

"To, na hita. Mi kac ce ɗazu?"

Sojan na haki. Ya tofar da yawu, ya ce gobe da Bature zai dawo, ya kama hanya.

A inuwar kalgon Tasalla matarsa ta shiga gasa masa baya da ruwan zafi, tana kuka tana zaginsa. Halliru ya matso ya tsuguna, ya kasa kallonsa.

"Ɗana, ni fa kiɗa nika yi. Sana'ata ta. Haka nika ce ma kowa."

"Ni kau na ɗauka da gaske kake, Baba Halliru."

Dabo ya cije leɓe da ruwan ya taɓa rauni, ya dubi sauran kwarin da ba a nome ba.

"Gobe da sassahe ka taho da gangarka," ya ce. "Ka tsaya bayan duwatsu, wajen Ingilishi. Ina jin ka daga nan."