Rijiyar Bayan Gidan Gwaggo

Wata bakwai ke nan Injiniya tana aikin gyaran filin da wani kamfanin haƙar mai ya bari. Ƙasar wajen ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta tsirowa. Kullum katafila na kwashe ta, a jibge a kan tamfol, a cakuɗa da taki, a yi ta juyawa har man ya mutu. Ita nata aikin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne. Takan zura kwalba mai igiya cikin ramukan gwaji, ta ɗebo, ta rubuta lamba, ta aika a auna.

Taswirar da aka ba ta ta nuna man ya tsaya a bakin titi. Gidan gwaggonta kuwa sai an wuce titin da tafiyar minti goma, don haka hankalinta kwance take barin 'yarta mai shekara uku a can in za ta aiki.

Ranar Laraba ta je ɗaukar yarinyar da wuri, da sauran kwalba ɗaya a jakarta.

"Gwaggo, kawo in gwada taki rijiyar," in ji ta da wasa, "kada ki ce karatuna bai amfane ki ba."

"Gwada mana. Kya ba ni takardar shaida in rataye."

Ta zura, ta jawo, sai ta tsaya cak. Mai ne kwance a saman ruwan, kaurin yatsa uku. Warinsa ya doki hancinta.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

Gwaggo ta leƙo, ko a jikinta. "Au, wannan? Ai ya kai shekara huɗu. Nakan ja tun yamma ya kwana a baho, da safe in yaye saman da ludayi, in tace da ƙyalle. Na ƙasan garau yake." Ta nuna jarkoki uku a gindin katanga. "Ga wanda na tara can. Kawunki na shafa wa katako saboda gara."

"Ruwan nan kuke sha?"

"To me za mu sha?"

Injiniya ta waiga. Yarinyar na bakin ƙofa, kofi a bakinta. Ba ta san sanda ta kai wajen ba, ta dai ji ƙarar kofin a ƙasa, yarinya ta tsala ihu.

"Me ya hana ki gaya mini?" in ji Injiniya.

"Na ga ke ce mai gyarawa. Na ce in kun gama can, kwa iso nan. Ina zan ƙara miki wani nauyi?"

Nan take ta kira shugaban aikin. Ya ce ba zai yiwu ba, taswira ba ta nuna haka ba. Ta tura masa hoton kwalbar. Da ya gani, sai ya ce, "Ina zuwa."

Washegari tankar ruwa ta shigo unguwar. Rijiya goma sha ɗaya aka gwada, tara da mai. Da aka tona, sai ga wani tsohon bututu a ƙarƙashin titin, ya ruɓe, ba ya cikin takardar kowa. Aka rufe rijiyar Gwaggo da kankare.

A layin ɗibar jini a asibiti, Gwaggo na riƙe da yarinyar a cinya, ta matso ta rage murya.

"Wannan tarin da kawunki ke yi, man nan ne?"

"Ban sani ba, Gwaggo," in ji Injiniya.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira lambarsu.