Tsalle Ɗaya, Taku Takwas

Wani dare, bayan ya kashe rediyo, tsohon akawu ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba a gidansa. Ya yi kama da kukan gyare, amma gyare ba ya riƙe murya haka. Siriri ne, ya miƙe kamar zare, ya tsaya, ya sake miƙewa. Tsohon ya leƙa ƙarƙashin gado. Ya ɗaga murfin buta. Har agogon bango ya kara wa kunne, wanda ya shekara shida bai motsa ba. Daga ƙarshe sautin ya ja shi zuwa ɗakin 'yarsa Auta, inda ya same ta zaune a ƙasa gaban wata tsohuwar kwamfuta da aka cire wa murfin gefe, ta rufe baki da hannu tana dariya.

"Baba, ni na sa ta."

"Kika sa ta kuka?"

"Na yi mata magana daga can ciki, ta amsa."

Auta a shagon magani take aiki, kuma wata shida ke nan da ta fara wannan karatu ita kaɗai. Ta ce masa duk abin da ake gani a fuskar kwamfuta ɓawo ne. A ƙarƙashinsa akwai abin da masu sana'ar ke kira ƙwaya, ita ke raba aiki, ta ce wa wannan yi magana, ta ce wa wancan dakata. Irin wadda take koyo kuma a buɗe take. Kowa na iya karanta ta, layi miliyoyi, kowa na iya aika gyara.

Wannan ne ya hana tsohon sakat. Shekara talatin da biyar ya yi yana buga wasiƙu da tafireta a ofishin da ko aljihun tebur sai da makulli. Bai taɓa tunanin mutane za su gina abu mai girma haka su bar ƙofarsa a wangale ba, har su rubuta wa baƙo yadda zai shigo.

Don kuwa sun rubuta. Akwai shafi a intanet na masu farawa, da jerin ƙananan ayyuka da aka ware musu, da wani zaure inda sabon shiga zai yi tambayar wauta, wani da bai san fuskarsa ba ya amsa masa. Tsohon ya sa ta buga masa jagorar a takarda, ya ɗinke da zare, ya yi mata bango da kwali. Turancinsa na wasiƙun ofis ne, rabin abin bai gane ba, amma yakan karanta shi da rana a ƙofar gida, a hankali, yana ɗanɗana kalmomin. Abin da ya fi burge shi ita ce kwamfutar da Auta ta gina a cikin kwamfutar, wadda ba ta da jiki. A kanta take gwaji. In ta yi kuskure sai ta mutu, masu abin su ce ta firgita, Auta ta danna maɓalli ta tashe ta. Wata Asabar ya zauna ya ga mutuwarta sau goma sha ɗaya, kuma kowane tashi sai da ya yi ajiyar zuciya.

Ana nan Auta ta gano aibi na gaske. Wani wuri ne a cikin ƙwayar inda ake kulle ƙofa kafin aiki, in aikin ya ci tura sai a fita ba a buɗe ba. Layi uku ta rubuta ta gyara. Ta gwada, ya yi. Ta aika wa mai kula da wannan sashe, mutumin da ba ta san ko a wace nahiya yake kwana ba.

Bayan kwana biyu amsa ta zo, gajeriya: gyaran bai hau ba, wato ya ƙi shiga cikin layukan ƙwayar, a sake aikowa.

Ta ɗauka tunaninta ne ke da kuskure. Ta sake rubutawa ta wata hanya, ta aika. Bai hau ba. Na uku ma haka. Tsohon ya lura ta daina dariya a gaban injin, ta daina kiransa ya zo ya gani.

"Na huɗu shi ne na ƙarshe, Baba," ta ce ranar Lahadi da safe. "In ya dawo, zan kai wa mai gyara kwamfutar ya cire abin da zai cire. Ba irina aka yi wa abin ba."

"Su suka ce miki?"

"Ba sai sun ce ba."

Ta tashi ɗora ruwan shayi, ta bar rubutu biyu gefe da gefe a fuskar kwamfutar: na hagu gyaran kamar yadda ta rubuta shi, na dama kwafinsa kamar yadda ya isa can. Tsohon ya gyara tabarau ya duba harafi da harafi, irin duban da ya yi wa dubban wasiƙu. Babu bambanci ko na ɗigo. Sai yatsansa, wanda bai iya zama kusa da maɓalli ba tare da ya taɓa ba, ya danna maɓallin kibiya. A na hagu, ɗan tsinken nan mai ƙiftawa da ke nuna wurin rubutu ya tsallake farin filin da ke farkon layi da tsalle ɗaya. Ya koma na dama ya danna. Taku ɗaya. Ya sake dannawa. Sai da ya ƙirga takwas kafin ya kai harafin farko.

Ya juya ya ƙwala kira.

"Auta, zo."

"Baba, don Allah kar ka goge mini wani abu."

"Ni da na yi shekara talatin da biyar ban ɓata takardar gwamnati ba? Zo ki ga. Wannan tsalle yake yi, wannan tafiya."

Ta sunkuyo da cokali a hannu. "To ai duk fili ne. Ba komai a wurin."

"Ba komai iri biyu ne," in ji tsohon. Ya ce mata a tafireta akwai maɓallin da in ka taɓa, kan injin zai ruga ya tsaya a inda ka sa masa iyaka, akwai kuma doguwar sandar ƙasa mai tafiya taku-taku. A takarda duk ɗaya suke. Amma shi daga ɗaki na gaba yakan san wanda sabon akawu ya taɓa, da kunne kawai. "Wani ya mayar miki da tsalle taku a hanya, shi ya sa bai hau ba. Da me kike aikawa?"

"Kwafa nake in manna a akwatin wasiƙata, kamar kowa."

Ya ɗauko littafin kwalin, ya lashi yatsa, ya buɗe kusa da ƙarshe. Babi ne guda a kan yadda ake aika wasiƙa, shafukansa fes, babu alamar biro ko ɗaya.

"Na tsallake shi," ta ce a hankali. "Na ce wa zai koya mini aika wasiƙa."

"Ni dai wata uku aka yi ana koya mini."

Ruwan shayin ya ƙone a kan wuta. Ta karanta babin, ta ga akwatin wasiƙarta ne ke mayar da tsallen taku, ta koma ga gyaranta na farko, mai layi uku, ta aika shi ta hanyar da aka faɗa.

Kwana tara shiru. A na goma da yamma tsohon yana zaune a bencin makwabcinsu tela, sai ga Auta ta dawo daga aiki tana tafe tana kallon waya. Ta tsaya a gabansu ta miƙa wa uban wayar. Kalma biyu ce, kuma Turancin ofis ya isa ya karanta su: an karɓa, an gode.

"Lafiya, Akawu?" tela ya tambaya, ganin ya cire tabarau yana goge ido. "Miji aka samo mata a wayar?"

Tsohon ya yi masa bayani iya yadda ya gane. Ya ce layi ukun nan da aka rubuta a ƙasan ɗakin can za su bi sauran miliyoyin, su shiga injunan mutanen da ba za su taɓa jin labarinta ba, wata ƙofa ta riƙa buɗuwa a kan lokaci ba wanda ya san an taɓa barin ta a kulle. Yana faɗa muryarsa na raguwa, kamar shi ma yanzu yake ji.

Tela ya cire allura daga bakinsa, ya dubi uban, ya dubi 'yar.

"To ni abin da ban gane ba, in ita ma yanzu hannunta na ciki, abin na wane ne?"

Auta tana kallon waya, tsohon yana kallon Auta. Tela ya ɗan jira, sannan ya ci gaba da taka kekensa.