Hannun Hagun Kawu Abarshi

Fa'izu ko kaza bai iya zanawa ba, amma shi ne uban tafiyar littafin zanen nan mai suna Sarkin Hanya. Shi ke rubuta labarin a shagonsa na Konni, ya tura wa Muttaƙa mai zane a Illela ta waya. In zanen ya dawo, ya zauna gaban kwamfuta ya jera shi gida-gida, ya sa wa kowa maganarsa a baki. Edita yake kiran kansa, kuma da yake babu wani ma'aikaci sai shi, ba wanda ya taɓa musa masa.

Labaran kuwa ba daga kansa suke fitowa ba. Na Kawu Abarshi ne, wan mahaifiyarsa, tsohon direban motar siminti a Malbaza. Duk Juma'a Fa'izu kan je ya zauna gabansa, Kawu na dafa shayi yana zuba labari, shi yana kwashewa. Har fuskar jarumin ta Kawu ce, gemu da wushirya. Sharaɗi ɗaya tsohon ya gindaya masa: "Ranar da kas sa anka yi mani dariya, ka nemi wani tsoho." Fa'izu ya sani sarai, in bakin Kawu ya rufe, littafin ya mutu.

A sabuwar fitowa akwai wani babban hoto: Sarkin Hanya ya tsaya da motarsa a Dogarawa, wata tsohuwa na miƙo masa ƙwaryar fura. Muttaƙa ya zana motar tana fuskantar hagu, ga shi ido daga hagu yake karatu zuwa dama, sai ta yi kamar mai komawa gida. Fa'izu ya danna maɓalli ɗaya, hoton ya juya kamar a madubi. Ya yaba wa kansa ƙwarai, ya kai aka buga, ya raba wa masu taksi su baza tasha-tasha.

Matarsa Badi'a ce ta fara gani.

"Malam, wanga wane irin rashin kunya na? Da hagu Kawu ka amsar hura hannun tsohuwa?"

Fa'izu ya fizge littafin. Ai kuwa! Ga jarumi, ga gemu, ga wushirya, ga hannun hagu a miƙe ba ko kunya.

Ranar Juma'a ya hau babur, yana tafiya kamar mai tsoron ƙwai ya fashe. Tun daga nesa ya hango direbobi sun kewaye tabarmar Kawu, littafin na yawo hannu-hannu, ana ƙyaƙyata dariya. Wani mai suna Rabilu ya ɗaga murya: "Ga editan nan tahe! Zo ka gaya muna inda anka yi tarbiyyar Sarkin Hanya!"

Kawu bai yi dariya ba. Ya sallame su, ya dubi Fa'izu, wanda ya riga ya durƙusa.

"Wa yag gaya maka? Uwarka ta?"

"Mi, Kawu?"

"Cewa ni bahago na."

Tsohon ya ce tun yana ƙarami mahaifinsu ya riƙa ɗaure masa hannun hagu a ƙugu da igiyar akuya, har ya koyi yin komai da dama. Ko matansa ba su sani ba.

"Da nig ga hoton ga," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa, "wallahi sai nij ji kamar yau anka kwance igiyar."

Tausayi ya kama Fa'izu, kunya ta biyo baya. Ya ce ba wanda ya gaya masa komai, kwamfuta ce ta juya hoton.

"To, ta hi ku ido," Kawu ya ce, ya tuntsire da dariya har wushiryar ta fito.

"Dariyar mutane fa, Kawu?"

"Su yi ta! Sarkin Hanya bahago na daga yau. Amma hura da dama za shi amsa, ka ji ko? Ba mu da ɗan banza."

Ya ɗauki butar shayi da hagu, ya ɗaga ta sama da kansa, ya tsiyaya cikin ɗan kofi, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba. Ya tsaya yana kallon hannun. Sannan ya miƙa wa Fa'izu kofin da dama.

"Gyara zama, ɗana. Yau labarin igiya za ka rubuta."